Shayin da Ba Wanda Ya Zubar

Shekara ashirin da biyu ya yi a bayan kanta ta ƙarshe a babban shagon sayar da kwamfuta, wadda ke lungu kusa da matakala, kuma a cikin duk waɗanda suka yi aiki da shi da ƙyar za ka sami mutum uku da za su iya faɗa maka sunansa na gaskiya. Hanci ake ce masa. Wata sabuwar sakatariya ta taɓa buga hakan a takardar hutunsa, ya karɓa ya ninke ya sa a aljihu, bai ce a gyara ba.

Ga yadda aikin yake. Kamfanin da ya ƙera kwamfuta yana ba da garantin shekara ɗaya. Shagon kuma, saboda tsananin tausayin jama'a, yana sayar da ƙarin shekara biyu a kai. In ka biya, sai a ba ka takarda mai shafi huɗu. A shafi na uku, da rubutun da sai ka ari tabarau kafin ka gan shi, an ce garantin bai shafi kwamfutar da wani abu mai ruwa ya zuba wa ba. A shafi na huɗu kuma an ce kana da damar soke garantinka duk ran da ka ga dama, a mayar maka da kuɗin watannin da suka rage, amma da zarar ka sa hannu an gama magana. Ba wanda ke karanta shafukan nan biyu sai ranar da suka tashi aiki a kansa.

Duk wanda ya kawo matacciyar kwamfuta kuwa, magana ɗaya ce a bakinsa: «Haka kawai ta mutu.» Ɗalibi ya faɗa, lauya ya faɗa, mai wa'azi ma ya faɗa yana kallon silin. Kafin Injiniya, mai gyaran shagon, ya kwance ta ya gano gaskiya, rabin yini ya tafi. Shi ya sa shagon ya ajiye Hanci.

Uwarsa mai haɗa turare da sabulu ce, kuma tun yana ɗan shekara bakwai shi take miƙa wa kwalba ta ce ya shinshina ya gaya mata abin da ya yi yawa. Makaranta ba ta karɓe shi ba, ya bar ta a aji uku, ya yi shekaru yana buga-buga, sannan ya shigo shagon nan a matsayin mai ɗaukar kwali. Wata rana yana wucewa da kaya a ka, wani mutum yana ta rantse-rantse a kan kwamfutarsa, sai ya ce, ba tare da an tambaye shi ba, «Wannan ai lemon kwalba ta sha.» Aka buɗe, aka tarar cikinta yana danƙo. Washegari tsohon mai shagon ya sa aka ba shi kujera.

Daga kujerar nan ya riƙe aure, daga ita ya yi ta biyan haya har ya sayi ɗakuna uku na kansa, daga ita yara uku suka yi karatu. In aka ajiye masa kwamfuta, sai ya ɗaga murfin, ya juya ta gefen da fanka ke fitar da iska, ya kai hanci, ya rufe ido. Yana bambance shayi mai madara da marar madara. Ya san kofi, ya san ruwan sama, ya san fitsarin jariri da na kyanwa. Ruwa zalla ma, da kowa ya ce ba shi da wari, yana jin tsatsar da ya bari. Masu wayo sukan busar da ita a rana su fesa mata turare kafin su zo. Su ne ya fi jin daɗinsu: sai ya fara faɗa musu sunan turaren, ya ce zaɓin ya yi kyau, sannan ya faɗi abin da ke ƙarƙashi.

Kada ka ɗauka mugu ne. Bai taɓa karɓar ko sisi don ya ce bai ji komai ba, in kuma kwamfuta a bushe take yakan faɗa da ƙarfi ko da Manaja yana ɓata rai. Abin da yake da shi dai ji da kai ne, irin na mutumin da bai taɓa kuskure a gaban jama'a ba. Yakan ce wa abokan aikinsa mutum yana ƙarya amma kwamfutarsa ba ta yi.

Sai ya yi mura. Mura ce irin ta kowa, ta kwantar da shi kwana huɗu, ta tafi da tari da ciwon kai, amma da za ta tafi ta haɗa da hancin. Ya jira mako ɗaya, ya jira biyu. Ya shiga banɗaki ya shinshina sabulu, ya shinshina man takalmi, ya kai ga buɗe tankin babur ɗin ɗansa. Duk ɗaya suke da iska.

Matarsa ce ta fara ganewa. Ta ɗora tukunya ta leƙa maƙwabta, ta dawo ta tarar gida ya cika da ƙauri, shi kuwa yana zaune a falo yana yanke farce.

«Baban yara, ba ka ji ba?»

«Na ji mana. Ina dai so in ga iyakar sakacinki ne.»

Ta shiga kicin ta yanko albasa, ta ɓoye a tafin hannu, ta zo ta bayansa kamar za ta gyara masa wuyan riga. Ya ci gaba da yanke farcensa. Nan ta zagayo ta zauna a gabansa, ta buɗe hannun, suka yi ta kallon albasar su biyu.

Likita ya ce yana iya dawowa, yana iya ƙin dawowa, aka kuma biya shi kuɗin wannan bayanin. Matar ta ce ya je ya gaya wa Manaja. Ya ce saura shekara biyu ya yi ritaya, autarsu tana shekara ta biyu a makarantar koyon jinya, in ya faɗa wace kujera za a ba shi? Mai ɗaukar kwali mai furfura? Gaskiya dai ba kuɗin kawai yake tsoro ba. Bai san me za a riƙa kiransa ba.

Ranar Litinin ya koma aiki. Mutumin farko ya ajiye kwamfuta, ya ce haka kawai ta mutu. Hanci ya ɗaga murfi, ya juya, ya kai hanci, ya rufe ido. Bai ji komai ba. Don ya sami lokacin tunani sai ya ce, «Hmm.» Ya yi shiru.

«To, gaskiya,» in ji mutumin, «ɗan kaɗan ne ya fantsama, kuma nan take na goge.»

A ranar ya gano abin da bai sani ba shekara ashirin da biyu: ashe rabin aikin ba hancin ke yi ba, tsoronsa ke yi. Cikin mutum goma, bakwai suna tona kansu da zarar ya ce hmm. Sauran ukun sai ya karance su da ido. Ya shafa madannai ya ji ko suna danƙo, ya dubi jakar, ya dubi ko akwai goyo a baya. In ya ga goyo ya ce madara, in ya ga ɗalibi mai jajayen idanu ya ce kofi. Ba wanda ya yi gardama, don wa zai tsaya musu da Hanci? A wata takwas ɗin da hancinsa ya yi bai ji ko hayaƙin mota ba, yawan garantin da ya ƙi amincewa da su ya ƙaru, har babban ofis ya aiko masa da takardar yabo da agogon bango.

Ana nan sai Malama ta zo. Mace ce mai kimanin shekara hamsin da biyar, tana da ɗan shago a jikin katangar wasu ofisoshi inda take buga wa mutane takardun neman aiki da na koke. Kwamfutar nan ita ce shagon gaba ɗaya. Ta kawo ta a naɗe cikin tawul, rasit da takardar garanti suna cikin leda, ba ko lanƙwasa. Saura wata biyar garantin ya ƙare. Tare da ita akwai mijinta, wani dogon tsoho, wanda ta zaunar a benci ta ce ya jira ta.

«Haka kawai ta mutu,» ta ce. «Ina cikin buga wasiƙa ta ɗauke.»

Ya yi abin da ya saba. Ya ce hmm. Ya yi shiru. Malama ma ta yi shiru, tana jira, fuskarta a sake. Ya ƙara hmm na biyu, mai tsawo. Ba ta tona komai ba. Ya shafa madannan, tas suke kamar yau aka fito da su daga kwali. Kuma ga Manaja ya zo ya tsaya a bayansa, don ƙarshen wata ne, kuma a watan an riga an amince da gyaran kyauta fiye da yadda ransa ke so.

Da Hanci ya ce a kai wa Injiniya ya buɗe, da an wuce wurin. Amma a shekara ashirin da biyu bai taɓa cewa a buɗe don shi bai sani ba. Ya ɗaga ido yana neman abin kamawa, sai ya hango tsohon a benci, ya rungume ƙaramin flas a cinya, hannuwansa suna rawa a kan murfin.

«Shayi,» in ji Hanci. «Da madara.»

Ya shirya wa gardama. Malama ba ta yi ba. Ta juya a hankali ta dubi mijinta, ta daɗe tana kallonsa.

«Malam. Sau nawa na ce kada ka buɗe flas ɗin nan kusa da teburi?»

«Ni?» Tsohon ya dubi flas ɗin, ya dube ta. «Wallahi ban tuna ba.»

«Ai ba za ka tuna ba.»

Kafin ta juyo, Manaja ya riga ya zaro fom. Murya a ƙasa, cike da jimami, ya ce tunda ruwa ya shiga, garantin nan ba zai ƙara amfana mata komai ba. Gara ta soke ta karɓi kuɗin wata biyar ɗin, ta ƙara a kai a yi mata gyara na biya. Ya ce shi da ƙanwarsa ce abin da zai ce ta yi ke nan. Ta sa hannu. Abin da aka mayar mata ko caja ba zai saya ba. Ta bar kwamfutar, ta kama hannun mijinta, suka fita ba ta yi masa magana ba.

Bayan kwana uku Injiniya ya leƙo ya yafito shi da hannu. Abokin aikinsa ne na shekara goma sha biyar, mutum marar yawan magana. A ɗakin gyara, ƙarƙashin fitila, kwamfutar Malama tana kwance a buɗe. Ya nuna masa da bakin sukurudireba. Ƙura ce kawai, ita ma ba yawa. Ɗan farin tambarin da ke komawa ja in ruwa ya taɓa shi yana nan fari sol. Wani ƙaramin abu ne ya ƙone a allon ciki, matsalar da aka san irin wannan samfurin da ita. Da garanti, kyauta za a sauya allon gaba ɗaya.

«Ƙila ya bushe ne,» in ji Injiniya, yana kallon bango. «Yayana, in ka ce ban ga komai ba, ban gani ba.»

Hanci ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro. Ba ya ko iya haɗa ido da kwamfutar.

Da yamma ya gaya wa matarsa. Tana tsince shinkafa a tire, ba ta ɗago ba, ta ce, «Wata takwas ina jiran ranar nan. Na dai yi zaton kanka za ta faɗo, ba kan tsohon mutane ba.» Da safe ya zauna ya rubuta takarda da hannunsa, ya faɗi komai, tun daga murar. Ya sa rigarsa mafi kyau, kamar mai zuwa kotu, ya yi sallama da kujerarsa a zuci.

Manaja ya karanta, ya tashi ya rufe ƙofa, ya sake karantawa.

«Baba Hanci, wata takwas ka ce?»

«Wata takwas, yallaɓai.»

«Ka san mutum nawa ka ce wa ruwa a wata takwas? Sun fi ɗari uku. In takardar nan ta fita daga ɗakin nan, gobe dukkansu suna bakin ƙofa, kowa da kwamfutarsa a hammata. Ni za a fara kora, kai ka biyo baya.» Ya ninke takardar gida huɗu, ya sa masa a aljihun riga da hannunsa, ya ɗan daddana wurin. «Hancinka lafiya lau yake. Ni na ce.»

«To garantin matar nan fa? A dawo mata da shi.»

«Ta soke da hannunta. Na'urar babban ofis ba ta da wurin da ake danna a dawo.»

«A cire kuɗin gyaran daga albashina.»

Manaja ya ɗaga kafaɗa. Ya ce wannan sadaka ce tsakaninsa da Ubangijinsa, sai dai a rasit za a rubuta rangwame ne shago ya yi wa tsohuwar abokiyar ciniki. Haka Hanci ya fito daga ofishin da kujerarsa, da sunansa, da hancin da aka ba shi umarnin ya ci gaba da mallaka. Mutum ya tara ƙarfin hali na dare da rana ya zo ya miƙa wuya, a ce masa ya koma bakin aiki.

Ranar Asabar da hantsi ya ɗauki kwamfutar da kansa, a naɗe cikin tawul ɗinta, ya bi adireshin da ke kan rasit. A aljihunsa akwai takardar Injiniya mai cewa ba a sami alamar ruwa ba. Shagon Malama bai fi faɗin hannu biyu ba: teburi, firinta, kwalin farar takarda, da fanka ƙarama da aka ɗaure da waya. A kusurwa akwai kujera mai matashi wadda zama ya lotsa, amma yanzu an jibga mata fayil-fayil. Tsohon yana waje, a kan wani bokiti da aka kife, inda inuwar katanga ta kusa ƙarewa, flas ɗinsa a tsakanin ƙafafu.

Malama ta karɓi kwamfutar da hannu biyu. Da ya ce an biya, ta yi ta addu'a har ya rasa inda zai sa kansa. Yana tsaye ta gaya masa mijin nata direba ne a da. Tun da ya ajiye aiki shekara shida ke nan, a kujerar can yake wuni, yana jera mata takardu yana danna musu ƙusar haɗa takarda. Yanzu ta ce sai dai waje, don ba ta da kuɗin gyara na biyu.

«Malama, abin da ya kawo ni ke nan,» in ji Hanci. «Ba shayi ba ne. Ba abin da ya zuba. Ni na yi ƙarya. Hancina ya mutu tun wata takwas da suka wuce, ko warin kwata ba na ji. Flas ɗin na gani na faɗa.»

Ta tsaya da caja a hannu tana kallonsa. Sai fuskarta ta yi laushi.

«Allah sarki. Ka biya kuɗin gyara, kuma ka zo ka rufa masa asiri. Allah ya rufa naka. Amma ai ya riga ya amsa.»

«Ya amsa me?»

«Na tuna ai,» in ji tsohon daga waje. Ya jawo bokitinsa kusa da ƙofa, yana murmushi. «Ranar Talata ce. Ta fita karɓo canji, na zuba a murfin flas, hannun nan ya yi abin da ya saba. Ta gefen hagu ya gangara. Da hulata na goge.»

«Baba, ba ka zubar ba. An buɗe ta, a bushe take.»

«Ai na goge, shi ya sa.» Ya yi dariya har da tari. «Hancin da kowa ya sani? Haba ɗana, kada ka ɓata sunanka saboda tsoho. Da farko na manta, gaskiya ne. Kwana biyu tana tambayata, ni kuma na zauna na yi ta nema a kaina, na yi ta nema, sai ga shi ya dawo tas, har da kalar hular.»

Hanci ya sa hannu a aljihu, ya kama takardar Injiniya. Hatimi gare ta da sa hannu. In ya fito da ita, Malama ta iya karatu, kujerar kusurwa za ta dawo wa mai ita kafin azahar.

Tsohon ya kamo hannun rigarsa ya jawo shi ƙasa, ya rage murya don kada matarsa ta ji.

«Ka san likita ya ce mata kaina yana tafiya. A gabana ya faɗa, kamar ba na wurin. Rannan sunan jikata ya ɓace mini, na yi kuka a banɗaki. Na ɗauka shi ke nan, duk abin da ya fita ba ya dawowa.» Ya ɗaga yatsa mai rawa ya taɓa goshinsa. «Amma wannan na nemo shi da kaina, ya dawo. Tun ranar nake barci. Ka ga ashe kan nawa bai tafi duka ba, ko?»

A ciki kwamfutar ta kama, Malama ta ce alhamdu lillahi, ta jawo kujerarta. Rana ta riga ta ci rabin bokitin. Tsohon yana nan riƙe da hannun rigarsa, ya ɗaga kai yana jiran amsa.

Hanci ya saki takardar, ya zaro hannunsa daga aljihu ba komai.

«Bai tafi ba, Baba,» ya ce.